Dalilin da Ya Sa Manhajar Imel Ba Ta Tambayar Kalmar Sirri a Kowane Lokaci

Daga cikin abubuwan da ke ɗaure wa masu amfani da imel kai, musamman waɗanda ba su daɗe da buɗe akwati ba, akwai yadda manhajar imel takan baje wa mutum saƙonninsa da zarar ya taɓa ta, ba tare da ta nemi kalmar sirri ba, alhali kuwa ranar da aka buɗe akwatin an tilasta masa zaɓen kalma mai tsawo wadda ta haɗa haruffa da lambobi, aka kuma ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa. Wani lokaci kuma, bayan an shafe watanni ana shiga lami lafiya, sai a wayi gari manhajar ta tsaya kai da fata sai an rubuta kalmar, a daidai lokacin da mai akwatin ya riga ya manta da ita. Wannan lamari ya shafi jama'a da yawa a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, domin ɗalibin da ke neman shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, yana buƙatar adireshin imel tun daga rajistar jarrabawar JAMB, kuma zai sake buƙatarsa wajen neman rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024, da wajen rajistar yi wa ƙasa hidima, da wajen neman aiki. Duk wanda al'amuransa suka rataya haka a kan akwati guda ya kamata ya san abin da ke tsaron akwatin nan.

Harkar imel tana gudana ne tsakanin ɓangarori biyu. Ɓangare na farko shi ne manhajar da ke cikin waya ko kwamfuta, kamar Gmail ko Outlook ko Thunderbird, wadda aikinta shi ne nuna saƙonni da karɓar abin da mutum ya rubuta. Ɓangare na biyu shi ne sabar, wato babbar kwamfutar da ke aiki dare da rana a wata cibiya ta kamfanin Google ko Microsoft ko Yahoo, kuma a can ne ainihin akwatin yake. Kalmar sirri ta sabar ce, ita ce ke neman ta, ita ce kuma ke tabbatar da ita. Sabar ba ta taɓa yi wa kowa rangwame, kuma duk lokacin da manhaja ta tuntuɓe ta don buɗe akwati sai ta nemi shaidar cewa mai akwatin ne ya aiko ta. Abin da ke faruwa idan mutum bai ga an tambaye shi komai ba shi ne an yi tambayar, manhaja ce ta amsa a madadinsa cikin ƙiftawa da bisimilla. Saboda haka abin da ya kamata a bincika shi ne irin shaidar da manhajar ke riƙe da ita, da inda ta ajiye ta, da kuma wanda hannunsa zai iya kaiwa gare ta.

Hanya mafi tsufa ita ce manhaja ta adana kalmar sirrin kanta. Amfani da kalmar sirri a kwamfuta ya samo asali ne tun farkon shekarun 1960 a jami'ar MIT ta Amurka, inda Fernando Corbató da abokan aikinsa suka ƙera tsarin da mutane da yawa ke amfani da kwamfuta guda, kowa da taskarsa. Da aka fito da ƙa'idojin ɗauko imel daga sabar, wato POP a 1984 da kuma IMAP wadda Mark Crispin ya tsara a 1986, sai aka gina su a kan cewa manhaja za ta aika suna da kalmar sirri duk sanda ta haɗu da sabar. Da yake manhaja kan leƙa akwati bayan kowane 'yan mintuna don duba sabon saƙo, babu mai haƙurin rubuta kalma sau hamsin a yini, don haka aka sanya ɗan akwatin nan da ake dannawa domin manhaja ta riƙa tunawa. Raunin wannan hanya a fili yake, tunda kalmar tana kwance a cikin na'ura, kuma duk wanda ya zauna gaban na'urar yana iya tono ta. A manhajar Thunderbird, alal misali, akwai shafin da ke nuna kalmomin da aka adana ɓaro-ɓaro, sai fa idan mai kwamfutar ya kafa wata babbar kalmar sirri da ke kulle sauran. Kamfanin Apple da na Microsoft sun tanadi taskoki na musamman a cikin na'urorinsu domin ɓoye irin waɗannan kalmomi, amma su ma mabuɗinsu shi ne shiga na'urar.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a yau ta sha bamban da waccan, kuma ita ce ke aiki a akasarin wayoyin da ke hannun jama'a. Sunanta OAuth, an kammala zubinta na biyu a watan Oktoba na 2012. A wannan tsari mutum yana rubuta kalmar sirrinsa sau ɗaya ne kawai, a shafin kamfanin da ke riƙe da akwatin, ita kuwa manhaja ba a ba ta kalmar, sai dai a ba ta wani dogon jerin haruffa da lambobi wanda za a iya kira tikiti. Mutanen Ƙaura Namoda, inda layin dogo da ya taso daga Zariya ta Gusau ya tuƙe tun 1929, sun san yadda tikitin jirgin ƙasa yake aiki: fasinja yana biyan kuɗi sau ɗaya a tasha, daga nan mai duba tikiti a cikin tarago ba ya tambayar sunansa ko asalinsa, takardar kawai yake dubawa, kuma da wani zai tsince ta a ƙasa, shi ma zai zauna a kujerar ba tare da an tanka masa ba. Tikitin imel ma haka yake, sabar tana karɓarsa daga duk wanda ya miƙo shi.

A gaskiya tikitin iri biyu ne. Akwai na gajeren zango, wanda a tsarin Google yake mutuwa bayan kimanin awa guda, kuma shi manhaja ke nunawa duk sanda za ta ɗauko saƙo ko ta aika. Akwai kuma na dogon zango, wanda ba shi da wani aiki illa karɓo sabon na gajeren zango idan tsohon ya mutu, kuma wannan musaya tana gudana a ɓoye ba tare da mai waya ya ga alamarta ba. Hikimar raba su biyu ita ce idan aka sace na farko, amfaninsa ga ɓarawo bai wuce ɗan lokaci ba, sannan kamfani na iya soke tikitin na'ura guda ba tare da ya taɓa na sauran na'urorin mai akwatin ba. Wannan fifiko ne ya sa manyan kamfanoni suka rufe tsohuwar hanya. Google ya daina barin manhajojin waje su shiga akwatunan jama'a da suna da kalmar sirri kawai daga 30 ga Mayu 2022, Microsoft kuma ya fara yin haka ga akwatunan ma'aikatu daga watan Oktoba na 2022. Mutane da yawa da tsofaffin manhajojinsu suka riƙa neman kalmar sirri ba ƙaƙƙautawa a wancan lokaci, suna rubutawa ana ƙi, ba kuskure suka yi wajen rubutun ba, hanyar ce aka toshe.

Wanda ke shiga imel ta burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome da Firefox da Opera, yana da nasa irin tikitin, wanda ake kira kuki. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, kuma ɗan ƙaramin bayani ne da shafi ke ajiyewa a cikin burauza domin ya gane ta idan ta dawo. A nan ne shagunan intanet suka shigo cikin maganar. Ɗalibin da ya je shago ya shiga imel ɗinsa don a buga masa takardar jarrabawa, ya gama ya rufe shafin ya tashi, yana zaton ya fita, amma rufe shafi daban, fita daga akwati daban. Kukin yana nan daram, kuma wanda zai zauna a kujerar bayansa, idan ya buɗe Gmail, akwatin ɗalibin ne zai bayyana gabansa. Girman haɗarin kuki ya fito fili a abin da ya sami Yahoo, kamfanin da 'yan Najeriya da dama suka fara buɗe imel a wurinsa: a watan Maris na 2017 kamfanin ya bayyana cewa masu kutse sun ƙera kukis na jabu sun shiga akwatuna kimanin miliyan 32 a tsakanin 2015 da 2016, ba tare da sun san kalmar sirrin ko mutum ɗaya daga cikinsu ta wannan hanya ba. A yau ma akwai miyagun manhajoji da ake cusawa cikin kwamfuta ta hanyar wasanni da manhajojin sata, waɗanda babban aikinsu shi ne kwashe kukis su aika wa iyayen gidansu.

Akwai kuma wani dalili da ba ya buƙatar ko tuntuɓar sabar, kuma mutanen Zamfara sun gan shi da idonsu. A ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, a matsayin wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga. An maido wa Gusau layi a farkon Oktoba, amma sauran ƙananan hukumomi sai da suka ƙara shafe makonni, har wasu suka riƙa yin doguwar tafiya zuwa jihohin maƙwabta domin kiran waya ko tura takarda. Duk wanda ya buɗe manhajar imel a wayarsa cikin waɗannan makonni zai tarar da tsofaffin saƙonninsa suna nan, yana iya karanta su, har ma ya rubuta amsa ta zauna tana jiran layi. Dalili shi ne manhaja tana ajiye kwafin saƙonnin baya-bayan nan a cikin wayar kanta, kuma wannan kwafi babu wata kalmar sirri ta imel da ke tsaronsa, makullin fuskar waya ne kaɗai tsakaninsa da baƙon ido. Da layi ya dawo kuma, tikitin gajeren zango ya daɗe da mutuwa, amma na dogon zango yana da sauran rai, tunda a ƙa'idar Google sai ya yi wata 6 ba a yi amfani da shi ba kafin ya lalace, don haka manhaja ta karɓo sabo ta ci gaba da aiki shiru.

Ɓangaren aika saƙo yana da nasa tarihin, wanda ya fi ban mamaki. Ƙa'idar aika imel, SMTP, wadda Jon Postel ya wallafa a 1982, ba ta ƙunshi tambayar kalmar sirri ba ko kaɗan, domin a lokacin masu amfani da hanyar 'yan tsirarun jami'o'i ne da cibiyoyin bincike da suka san juna. Sai a 1999 aka ƙara mata hanyar tantance mai aikawa, bayan masu watsa saƙonnin banza sun addabi duniya. Kafin nan kamfanonin intanet kan amince da duk saƙon da ya fito daga layinsu, wasu kuma sukan bar mutum ya aika na ɗan lokaci idan ya riga ya shiga akwatinsa ya karanta. Har yau wasu ofisoshi suna barin na'urar buga takardu ko ta ɗaukar hoton takarda ta aika imel ba tare da kalmar sirri ba, saboda tana cikin layin ofis. Gadon da wannan tarihi ya bari shi ne sunan da ke saman saƙo ba hujja ba ne cewa mai sunan ne ya aiko, kuma ko da yake an fito da hanyoyin tantancewa irin su SPF da DKIM waɗanda suka rage ɓarnar, saƙon da ke ɗauke da sunan banki ko na hukumar jarrabawa yana iya fitowa daga ko'ina.

A manyan ma'aikatu kuma akwai tsarin shiga sau ɗaya, inda ma'aikaci ke rubuta kalmar sirri da safe wajen kunna kwamfuta, daga nan imel da sauran manhajojin ofis su buɗe da kansu, ta hanyar wata ƙa'ida mai suna Kerberos da aka ƙera a MIT a shekarun 1980. Sabon salo kuma shi ne mabuɗin shiga da Google ya fara bai wa jama'a a 2023, wanda ke maye gurbin kalmar sirri ɗungum da zanen yatsa ko fuska ko lambar buɗe waya.

To, me ke sa manhaja ta dawo da tambaya? Akasari tikitin dogon zango ne ya mutu ko aka soke shi. Idan mai akwati ya canza kalmar sirri, kamfani yana soke tikitin akasarin na'urorin da ke ciki, kuma wannan shi ne babban amfanin canza kalma idan ana zargin wani ya shiga. Haka nan idan aka goge kukis, ko aka shiga daga sabuwar waya, ko sabar ta ga shiga daga wata ƙasa da ba ta saba gani ba, ko mutum ya nufi wani wuri mai haɗari a cikin akwatin kamar canza lambar wayar da ake dawo da akwati da ita, za a sake tambaya. Sanin waɗannan dalilai yana da wani amfani da ya fi kawar da ruɗani, domin da shi ake gane tambayar ƙarya. Idan mutum yana cikin akwatinsa yana karanta saƙo, ya danna wata mahaɗa da ke yi masa albishir da tallafin gwamnati ko gurbin aiki, sai wani shafi mai kama da na Google ya buɗe yana neman kalmar sirri, to hankali ya isa ya nuna masa cewa wanda ya riga ya ba shi izinin shiga ba shi da dalilin sake tambayarsa a wannan gaɓa. Irin wannan shafi tarko ne, kuma da shi ake ƙwace akwatuna masu yawa.

Abin da duk wannan bayani ya nuna shi ne amanar da a da take cikin ƙwaƙwalwar mutum yanzu ta koma cikin wayarsa, kuma a nan ne tsarin da aka zana a Amurka yake cin karo da yadda ake rayuwa a arewacin Zamfara. Masu tsara waɗannan manhajoji sun ɗauka kowane mutum yana da wayarsa shi kaɗai, tana kulle, ba ta barin aljihunsa. A Ƙaura Namoda da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi kuwa waya tana kwana a wurin mai caji saboda ƙarancin wutar lantarki, tana yini a teburin mai gyara wanda sau da yawa yakan nemi a ba shi lambar buɗewa don ya gwada aikinsa, ana ara wa ƙane ko maƙwabci, ana sayar da ita idan buƙata ta taso, kuma a hanyoyin da 'yan bindiga ke tarewa ana ƙwace ta. Wanda ya riƙe waya a buɗe ya riƙe imel, kuma wanda ya riƙe imel yana iya neman a canza kalmar sirrin Facebook da na shafukan rajista da dama, tunda can ake aiko da mahaɗar canzawa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba da nufin zamba, amma hukunci yana zuwa ne bayan ɓarna ta auku.

Cutarwa ta biyu ta fi ta farko yawa, ko da yake ba a cika maganarta ba. Kalmar da ba a rubuta ta sai sau ɗaya a shekara biyu ko uku ba ta zama a kai, balle idan tun farko ba mai akwatin ne ya zaɓe ta ba. Sanannen abu ne cewa matasa da yawa mai shagon intanet ko mai sayar da waya ne ke buɗe musu imel, ya zaɓi kalmar da ta zo masa, wani lokaci ma ya sanya lambar wayarsa a gurbin lambar dawo da akwati domin aiki ya yi sauri. Muddin wayar tana aiki babu wanda zai lura da wata matsala. Ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, ranar ce mai akwatin zai gane cewa bai san kalmarsa ba, lambar da za a aika wa saƙon ceto kuma ba tasa ba ce, ko kuma tsohon layinsa ne da ya daɗe bai yi amfani da shi ba har kamfani ya janye ya sayar wa wani. Babu ofishin Google a Gusau ko Sakkwato da zai je ya nuna katin shaidarsa a buɗe masa, kuma tun Disamba 2023 kamfanin yana da ikon share akwatin da ya yi shekara 2 ba a shiga ba. Abin takaici ne ƙwarai a ce yaro ya ci jarrabawa da guminsa, iyayensa sun sayar da hatsi sun biya masa kuɗin rajista, sannan ya shiga wahala a kan kalmar da wani ya zaɓa masa cikin gaggawa. Masu shaguna suna da hakkin barin abokin ciniki ya rubuta kalmarsa da hannunsa ya kuma sanya lambarsa, makarantun sakandare da ke shirya ɗalibai don JAMB kuma suna da hakkin koya musu wannan kafin su aika su shago.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Kulle fuskar waya da lamba mai wuyar zato ya fi kowane mataki muhimmanci, tunda shi ne ainihin abin da ke tsaron imel a kullum. Rubuta kalmar sirri a takarda a adana ta tare da takardun makaranta a gida ya fi barin ta ta ɓace, musamman ga wanda barazanar da ke gabansa ita ce mantuwa. Wanda ya kunna tantancewa mai mataki biyu a Google yana iya buga lambobin ajiya guda 10 waɗanda ke aiki ko da layin waya ya ɗauke, abin da ke da amfani a yankin da ya taɓa rasa layi na makonni. A shagon intanet ya kamata a yi amfani da tagar sirri ta burauza, wadda ke zubar da kukis idan aka rufe ta, a kuma danna fita kafin a tashi. A cikin saitin akwatin Google, ƙarƙashin sashen tsaro, akwai jerin duk na'urorin da ke riƙe da tikiti, kuma daga nan mutum yana iya korar wayar da aka sace ko kwamfutar shagon da ya manta bai fita ba, ko da yana nesa da su.

Wajen sayar da waya kuma akwai tsarin da ya wajaba a bi daki-daki. Tun daga zubin Android na 5.1 da ya fito a 2015, wayar da aka wanke da ƙarfi ba tare da an cire akwatin Google daga cikinta ba takan ƙi buɗewa sai an rubuta adireshi da kalmar sirrin tsohon mai ita, matakin da aka ɗauka don rage wa ɓarayi riba, amma wanda yakan jefa mai sayen waya ta hannu da gaskiya cikin yawon neman wanda ya sayar masa. Saboda haka mai sayarwa zai fara tabbatar da cewa ya san kalmar sirrinsa ta hanyar gwada shiga da ita a wata na'ura, sannan ya cire akwatin daga saitin wayar, bayan nan ne zai wanke ta ya miƙa wa mai saye.